Juma'a Uku da Muryar Mamaci

Ku 'ya'yana, na san abin da kuke faɗa wa mutane idan sun tambaye ku dalilin da ya sa na bar jami'a tun lokacin ajiye aikina bai yi ba. Kuna cewa hawan jini ne. Ban taɓa ƙaryata ku ba, domin ni na fara faɗar haka, kuma hawan jinin yana nan, ina shan maganinsa kullum safe. Amma ba shi ya fitar da ni ba. Na kuma san cewa a cikin dangi har yau ana ɗora wa Gwaggonku Rabi laifin abin da ya faru da kakarku, ita kuwa ta yi shiru ta ɗauka saboda ni ƙanwarta ce. Wannan shirun nata ya ishe ni nauyi. Don haka zan rubuta abin yadda ya kasance, ku karanta, ku kuma karanta wa duk wanda ya taɓa zaginta a kai.

Kun san ni malamar sadarwa ce. Shekaru masu yawa ina tsaye gaban ɗalibai ina koya musu yadda magana ke tashi daga bakin mai faɗa ta isa kunnen mai ji, da abin da ke ɓata ta a hanya. Ina da baki, ina kuma da ji da kai, ba sai wani ya gaya min ba. Lokacin da wannan abu da ake kira ƙirƙirarriyar basira ya shigo jami'o'i, ɗalibai suka fara kawo mana rubutu sumul, babu tuntuɓe ko ɗaya, alhali mun san mai shi ba ya iya haɗa jimla uku bai yi ɓari ba. Malamai suka rikice. Wasu suka ce a hana abin kwata-kwata, ni na ce wannan zancen banza ne, ba a hana yaro abin da ke cikin aljihunsa. Aka naɗa ni shugabar kwamitin da zai tsara wa jami'armu doka a kai. Dokar da na kawo gajeruwa ce: ka yi aiki da na'ura in ka so, amma duk inda ta taya ka, ka faɗa. Wanda ya ɓoye, ya yaudari mai karatu. Na faɗi wannan a aji, na faɗa a rediyo, na faɗa a tarurruka har bakina ya saba da shi. Na kayar da ɗalibai a kan wannan doka ko gezau ban yi ba.

Akwai kuma wani aiki da ya fi wannan shiga raina. Yaranmu na bakin kogi, 'yan Malanbil da Garu da Madekali, suna zuwa jami'a da kaifin kai, amma Faransanci ya tare musu hanya. In ka zaunar da yaro ka warware masa darasin da Hausa ko Dandanci, nan take sai ka ga idonsa ya buɗe. Sai ni da wani abokin aikina, Dokta Biyo, masanin na'ura ne, mutum mai sanyin hali, muka ɗauki shekara uku muna gina wani abu da ɗalibi zai tambaya a salularsa, ya yi masa bayani da baki, da harshen gida. Matsalar ita ce muryar. Waɗanda muka samu a shirye Hausar Kano suke yi irin ta masu karanta labarai, yaranmu na ji sai su fashe da dariya, darasi ya bi ruwa. Muna bukatar muryar mutumin garinmu, wadda in ta yi magana yaro zai nutsu. Ban yi dogon tunani ba na ce na san mai ita.

Kawunku Isuhu ke nan, babban wanmu, ɗan farin Inna. Ku kun san shi da furfura da goro a baki, ni kuwa na san shi a matsayin uba, domin ina ƙarama mahaifinmu ya rasu, shi ya tsaya kai da fata sai da na yi karatu. Fataucin albasa yake yi. Ya daɗe da komawa Kwatano da iyalinsa, inda motoci ke sauke kaya, sai dai ya zo gida sau biyu ko uku a shekara. Muryarsa mai kauri ce, ba ya gaggawa, kuma kafin ya faɗi magana mai nauyi sai ya yi ɗan tari guda ɗaya. A zuwansa biyu na zaunar da shi a zaure da abin ɗaukar magana, ya yi ta karanta min abin da na faɗa masa, ya yi ta ba ni labarin kasuwa. Abin ya ba shi dariya ƙwarai.

"To Auta," in ji shi, "ni da ko ƙaramar makarantar lakkwal ban ƙare ba, yanzu ni za ni karantar da 'yan iniversite?"

Na ce masa haka ne, Yaya.

"In dai ɗiyan mutane za su ƙaru, ɗauki. Murya dai ba ta ƙarewa."

Abin da ya ba ni izini a kai ke nan, ba ƙari. Ku riƙe wannan.

Yanzu bari in gaya muku yadda yake tsakaninsa da Inna, domin ku 'yan birni ne, ba lalle ku gane ba. A wajenmu uwa tana jin kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan Isuhu a bakin Inna ba. "Wancan na Kwatano" take cewa. Shi ma haka, in ya zo gida sai ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta a taƙaice, ta amsa tana kallon bango, ya tashi. Wanda bai sani ba sai ya ce ba sa shiri, alhali duk gidan mun san a cikin mu bakwai babu wanda ya kai shi a zuciyarta. Da idonta ya tafi, ta koma sanin duniya da kunne. Daga kan gadonta tana gane takun kowa, tana gane wace jika ce ta taɓa murfin tukunya. Kowace Juma'a kuwa, in an sauko daga masallaci, Yaya Isuhu zai turo saƙon murya, abin da muke kira bokal, a salular Yaya Rabi, wadda ke zaune da Inna tana jinyarta. Da Rabi yake magana a ciki. Zai faɗi yadda albasa ta yi a kasuwa, motar wane ta lalace a hanya, ruwa ya yi yawa a kudu. A ƙarshe ya yi tarinsa ya ce, "A gaida mutanen gida." Rabi kuma sai ta san yadda ta yi ta kunna shi a bakin ƙofar Inna, kamar ba da gangan ba. Inna za ta ce, "Ku rage ƙarar abin ga," tana kuwa karkato da kunne.

A shekarar da nake ba ku labari, Inna ta faɗi a bayi, ɓarin jikinta ya yi nauyi. Ta farfaɗo, bakinta ya dawo, amma likita ya ja mana kunne cewa a kiyaye ta da duk abin da zai girgiza ta, in ya sake bugun ta ba lalle ta tashi ba. Kwana goma da wannan, ranar wata Litinin da hantsi, ina cikin aji aka kira ni. Yaya Isuhu ya yanke jiki ya faɗi a tashar da ake sauke albasa, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Aka binne shi a can Kwatano bayan la'asar. Ko gawarsa ban gani ba. Na tuna na ajiye salular a kan tebur na ci gaba da rubutu a allo har na kai ƙarshen layi.

Da muka haɗu a Malanbil, dattawan gida suka yanke cewa ba za a gaya wa Inna ba sai ta ƙara ƙarfi. Wannan ba sabon abu ba ne, ana yi. Aka kai zaman makoki gidan wani baffanmu can bayan kasuwa, aka hana kowa kuka a gidanmu, masu shiga gaishe ta kuma sai an tare su a zaure an gargaɗe su. Ranar Laraba da rana Yaya Rabi ta ja ni bayan rumbu, idonta ya kumbura.

"Auta, Jumma'a na tahe. In ba ta ji shi ba za ta gane. Mi za mu ce mata?"

Ita abin da ta kawo shi ne a ce salularsa ta faɗa ruwa, ko a ce ya tafi Ghana. Ƙaryar da kowa ke yi ke nan, wadda za ta riƙe mako ɗaya ko biyu ta tsinke da kanta. Ni ce na ce mata ina da abin da ya fi haka. Ni, ba ita ba. Da na yi mata bayani sai ta ja da baya, ta dafe ƙirji.

"Subhanallahi. Ke Auta, wanga abu ba shirka ba ne?"

Na yi mata irin dariyar da masu karatu ke yi wa waɗanda ba su yi ba. Na ce ba shirka ba ne, aikin na'ura ne, kuma rai za mu ceta. Ta ce hankalinta bai kwanta ba. Na ce ta bar min. Duk rayuwarta ta saba in na ce na sani to na sani, sai ta bar min.

Dokta Biyo ne ke riƙe da mabuɗin shiga inda muryar take. Na kira shi na gaya masa abin da nake so. Sannan ya ce:

"Farfesa, ba don wannan marigayin ya ba mu muryarsa ba. Kuma ke kika rubuta dokar."

Na ce masa dokar ta ɗalibai ce da takardunsu, wannan kuwa uwata ce, ba tasa ba. Maganar ta yi masa zafi, na ji a numfashinsa. Ya turo min mabuɗin.

Na zauna a ɗakin baƙi da safiyar Juma'a na rubuta abin da na san Yaya zai faɗa. Albasar Garu ta yi kyau bana, hanya ta lalace wajen Kandi, a gaida mutanen gida. Na danna. Wallahi 'ya'yana, na sha jin wannan murya tana bayanin darasi, ban taɓa jin komai ba. Amma ranar, kwana huɗu da binne shi, da ta ce "Rabi, kuna lahiya?" sai gashin jikina ya tashi gaba ɗaya. Har tarin ta yi, a daidai inda yake yin sa. Na waiga bayana, na rantse muku na waiga. Na fita da gudu na yi amai a gindin darbejiya. Wannan kaɗai ya isa ya gaya wa mai hankali ya tsaya. Ni kuwa na wanke baki, na koma na tura wa Rabi.

Bayan an sauko masallaci ta kunna a bakin ƙofa. Ina tsaye daga gefe. Inna ta ce, "Ku rage ƙarar abin ga." Da ya ƙare sai muka ji ta ce a hankali, ita da kanta, "Allah shi tsare hanya." Rabi ta toshe baki da mayafi ta gudu madafa. Juma'a ta biyu ma haka aka yi, daga wurin aiki na turo. Kuma ga abin da na fi jin kunyar rubutawa: a mako na biyun nan tsoron ya fara sakina, wani abu kamar alfahari ya maye gurbinsa. Inna na cin abinci, ta fara zama da kanta, likita ya ce ana samun sauƙi. Na ce a raina, ga amfanin karatu. Har na fara tunanin wata rana zan ba da labarin a wani taro, ba tare da suna ba.

Mako na uku ya zo min da aiki har wuya. Ranar Alhamis wuni na yi a zaman ladabtar da ɗalibai uku da suka sa na'ura ta rubuta musu aiki ba su faɗa ba. Ɗaya daga ciki, wata yarinya, ta yi ta kuka tana cewa mahaifinta ba shi da lafiya, ba ta sami lokaci ba. Na ce mata rashin lokaci ba ya halatta yaudara. Da na fito na tuna ban rubuta saƙon gobe ba, kaina kuma ya ƙi kawo komai. Sai na buɗe na'urar na ce mata ta rubuta min gajeren saƙo daga wani ɗan kasuwa da ke nesa zuwa gida, inda tsohuwar mahaifiyarsa ke jinya. Ta rubuta, na sa muryar ta faɗa, na zuba a salula. Sai da asuba, a cikin motar da za ta kai ni Malanbil, na sa a kunne na saurara.

Na ji kuskuren tun daga kalmar farko. Ba zan ce muku ban lura ba. Ina da tafiyar rabin wuni a gabana, da na so da na gyara shi sau goma. Amma da na ji muryar Yaya tana faɗin waɗannan kalmomi sai hawaye suka zubo min, na ce a raina: shekara saba'in da wani abu mutanen nan biyu suna son juna ta bayan bango, yanzu ya tafi bai taɓa faɗa mata ba, me zai hana ta ji sau ɗaya? Na ɗauka kyauta zan yi mata. Ni da na yi shekaru a ƙasashen da ɗa ke rungumar uwarsa a tasha, na ɗauka abin da Inna ta rasa ke nan. Na bar shi yadda yake.

Na iso ana saukowa daga masallaci. Inna na zaune a bakin gado, an jingina ta da matashi, tana ɓare gyaɗa da hannunta mai lafiya, tana zubawa a faranti a cinyarta. Na gaishe ta, ta shafa fuskata ta ce na rame. Na miƙa wa Rabi salular, ita ba ta ji saƙon ba tukuna. Ta tsaya a bakin ƙofa ta kunna. Tarin ya fito, sannan muryar ta ce:

"Inna, ni ne ɗanki Isuhu. Ina ta tunaninki dare da rana. Ki kula min da kanki, ba ni da kowa kamarki a duniya."

Rabi ta juyo ta kalle ni, bakinta a buɗe. Inna ba ta ce a rage ƙara ba. Hannunta ya tsaya cak a cikin farantin. Sannan ta ɗago fuska, ba wajen salular ba, wajen da nake tsaye, ta ce:

"Yaushe?"

Na ce, "Inna, yaushe me?"

"Yaushe yar rasu?"

Rabi ta zube a ƙasa ta fasa kuka. Ita ce ta faɗa mata ranar, ba ni ba. Inna ta ƙirga da yatsu a kan cinyarta, ta ce kwana sha takwas ke nan. Muna jiran ta faɗi, muna jiran abin da likita ya ce, har na sa hannu a salulata zan kira shi. Ba ta faɗi ba. Ta yi salati, ta ce daga Allah muke gare shi za mu koma, ta ajiye farantin a gefe a hankali don kada gyaɗar ta zube.

"Wanda nih haihwa," in ji ta, "ko wuƙa anka sa mai ga wuya ba shi yi mini magana haka. Ya san ni, na san shi. Wanda yay yi maganar ga bai san ni ba. To wa na? Wa kunka samu mai irin muryatai?"

Na durƙusa na ce ba mutum ba ne. Na yi ƙoƙarin yi mata bayani, na ce na ɗauki muryarsa tun yana da rai, na'ura ta koya, yanzu duk abin da aka rubuta mata sai ta faɗa da bakinsa. Ina magana ina ganin fuskarta tana canjawa. Labarin mutuwar bai razana ta kamar wannan ba. Ta janye ƙafarta daga inda hannuna yake.

"Na makon jiya hwa? Da na wancan makon?"

Na ce su ma.

"Kenan shina kwance cikin ƙasa, ke kina nan kina buɗa mai baki."

Na ce, "Inna, ku yi haƙuri, tsoro munka ji. Likita ya ce..."

"Kwana sha takwas ina roƙa mai tsarin hanya. Mutum na kabari, shina biɗar uwatai ta roƙa mai gahwara, ni ina nan ina roƙon kada mota ta hwaɗi da shi. Anka yi ukku ban sani ba, anka yi bakwai ban sani ba. Wa yac ce miki ni ba ni iya ɗaukar mutuwa? Na binne ɗiya biyu tun ba a haihe ki ba, na binne miji."

Ba ta ɗaga murya ba ko kaɗan, kuma ba ta yi kuka a gabanmu ba, ko a ranar kunyar ɗan fari ba ta sake ta ba. Ta ce a ba ta ruwa ta yi alwala, a kuma fita a bar ta. Muna fita ta kira ni.

"Auta. Abin nan da kinka aje shi ciki. Ki hidda shi. Ki bari shi kwanta."

Wannan umarni shi ne ya ci aikina. Duk abin da muka gina ni da Dokta Biyo a kan muryar Yaya yake tsaye. Cire ta na nufin a koma farko, a nemo wani, a sake ɗauka, a sake koya wa na'ura, ga kuma lokacin da aka ba mu ya kusa cika. Na koma na same shi a ofis na gaya masa. Ya ce in yi tunani. Ya ce marigayin da bakinsa ya yarda a koyar da yara, wannan bai canja ba, abin da na yi daban ne, kada a hukunta ɗalibai a kan laifina. Gaskiya ya faɗa. Na ce masa na sani, amma uwata ta ce in bar shi ya kwanta. Ya cire tabarau ya murza ido, ya juyo min da na'urar ya ce in goge da hannuna, shi ba zai yi ba. Na goge. Shekararsa uku ta tafi tare da tawa, a kan abin da ya gargaɗe ni tun farko. Ya daɗe ba ya amsa gaisuwata da sakin fuska, ban kuma ga laifinsa ba.

A zaman kwamiti na gaba na tashi na faɗi abin da na yi, ban rage komai ba. Na ce wadda ta sa na'ura ta yi magana ta ɓoye wa mai ji ba za ta ci gaba da hukunta yara a kan haka ba. Na roƙi a sake duba maganar yarinyar nan da na kayar, aka kuwa sassauta mata. Wasu abokan aiki suka ce na cika tsanani, ai abin gida ne, wa zai sani. Ƙarshen shekara na ajiye aikin gaba ɗaya, domin na kasa tsayawa gaban aji in ce na san yadda magana ke isa ga mai ji.

Inna ta yi sadakar arba'in ɗinsa yadda take so, ita ta faɗi yawan masar da za a toya da gidajen da za a kai. Ta yafe min, da bakinta ta faɗa, ta dafa kaina. In na je gida tana hira da ni kamar da, tana tsokanata cewa boko ya cinye min ƙiba. Abu ɗaya ne bai dawo ba. Tun daga ranar ba ta sake yarda a kawo salula kusa da ita ba. Jikokinta na Yamai su kira, ta ce a ce tana gaishe su. Ƙanwarta ta Gaya ta kira, ta ce in tana son magana ta ƙetaro gada. Tsohuwar da ba ta gani, wadda kunne kaɗai ya rage mata ta san nata da shi, na sa ta daina yarda da kunnen. Wanda duk ba za ta iya kama hannunsa ba, a wurinta ba ya nan. Ni da nake nesa na fi kowa shan wannan, domin da kullum sai mun yi magana bayan la'asar.

Ta ƙara shekara ɗaya da 'yan watanni. Ranar da jikin ya rikice ina can wajenku, na je ganin jikata Nana da aka haifa. Rabi ta kira ni da sassafe ta ce in taho yanzu. Na shiga motar farko. Muna hanya ina kira, Rabi tana cewa da sauran numfashi, Inna tana ta tambayar ko na iso. Da muka wuce Gene, saura tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, Rabi ta sake kira, muryarta ta canja.

"Auta, yi mata magana yanzu. Ba na jin za ta jira ki."

Na ji motsin salular, na ji numfashin Inna a kusa, yana fita da ƙyar. Na manta da mutanen da ke cikin motar, na ɗaga murya.

"Inna, ni ce Auta. Ga ni nan tahe, na wuce Gene. Inna, ku yahe mini. Wallahi ni ce."

Sai na ji wani ɗan ƙara, kamar an ture abu da bayan hannu, muryarta kuma ta yi nisa, amma na ji ta sarai.

"Ɗauke mini abin ga, Rabi. In Auta ta, ta zaka in taɓa ta."

Da na isa ƙofar gida na tarar an riga an shimfiɗa tabarmi a waje.